Kulob Ko Wakafi? Jayayyar Mahaya Keken Birtaniya A Kan Makomar Ƙungiyarsu

Duk wanda ya taɓa ratsa karkarar Ingila da hantsin ranar Lahadi, ko da rani ne ko cikin tsananin hunturu, da wuya ya yi tafiyar sa'a guda bai ci karo da ayarin mahaya keke ba, goma ko ashirin, maza da mata, galibinsu furfura ta fara bayyana, suna tafe bibbiyu a kan siraran hanyoyin da suka ratsa gonaki, ba tsere suke yi ba, ba kuma wata kasuwa suka nufa ba, iyakar muradinsu su kai wani ƙauye, su jingine kekunansu a bangon mai shayi, su sha, su taɓa hira, su juyo gida kafin duhu.

Da yawa daga cikin irin waɗannan ayari rassa ne na wata tsohuwar ƙungiya mai suna Cyclists' Touring Club, wadda aka fi sani da CTC. A ƙarshen 2009 da farkon 2010 hirar teburin shayin nan ta sauya, ta bar zancen tudu da gangare da facin taya, ta koma kan wata mas'ala ta shari'a wadda ta raba abokan tafiyar shekara talatin gida biyu: shin ƙungiyar ta ci gaba da zama kulob, mallakar masu biyan kuɗinta, ko kuwa ta rikiɗe ta zama ƙungiyar agaji mai rajista, wadda doka za ta ɗauki dukiyarta amana ce ta jama'a baki ɗaya?

Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu wannan labari ne saboda a zamanin nan, ko'ina mutum ya duba, ƙungiyoyin da aka kafa don taimakon kai da kai suna rububin neman rajista da sunan aikin jinƙai, suna kwaɗayin rangwamen haraji da tallafin masu ba da agaji, alhali kaɗan ne daga cikinsu ke tsayawa su yi bincike a kan abin da za su sallama kafin su karɓi takardar.

Asalin ƙungiyar

An kafa ta a garin Harrogate na ƙasar Yorkshire cikin watan Agusta 1878, bisa himmar wani ɗalibin likitanci mai suna Stanley Cotterell, a zamanin da keke yake da ƙatuwar ƙafa a gaba da 'yar ƙarama a baya, mahayinsa kuwa abin kallo ne, wani lokaci ma abin jifa. Sunanta na farko Bicycle Touring Club, sai a 1883 aka sauya shi domin a shigo da masu keke mai ƙafa uku.

Tun daga farkon al'amari ayyukanta iri biyu ne, kuma a nan ne tushen rigimar da ta taso bayan shekara fiye da 130. Akwai abin da take yi wa 'ya'yanta kaɗai: littafin hanyoyi, mujalla, da yarjejeniya da masu masauki, waɗanda kan kafa tambarinta na ƙafar keke mai fukafukai a bangonsu, alamar cewa ɗan ƙungiya zai sami abinci da makwanci a kan farashin da aka daidaita. Har yau ana ganin waɗannan tambura na ƙarfe a jikin wasu tsofaffin gine-gine.

Akwai kuma abin da take yi wanda amfaninsa ke isa ga kowa, ya biya ko bai biya ba. Ita ce ta riƙa kafa allunan gargaɗi a kan gangare masu hatsari tun hukuma ba ta fara wannan aiki ba, kuma tana cikin waɗanda suka yi faɗi-tashi har dokar ƙananan hukumomi ta 1888 ta tabbatar cewa keke abin hawa ne mai haƙƙin bin hanya kamar keken doki. A 1899 ta kai ƙarar mai wani masauki a ƙauyen Ockham wadda ta ƙi karɓar Lady Harberton a ɗakin baƙi saboda tufafin hawan keke da ke jikinta. Ƙungiyar ba ta yi nasara a kotu ba, amma maganar ta bazu a ƙasar.

A wannan shekara ta 1899 'yan ƙungiya sun kai wajen 60,000. Da mota ta bayyana, masu hali suka koma mata, adadin ya yi ƙasa ƙwarai, har shugabanni suka nemi a gyara tsarin ƙungiyar a wajen 1906 don a shigo da masu mota. Babbar kotu ta hana, bisa hujjar cewa ƙungiyar da aka kafa don kare mahaya keke ba za ta iya haɗa maslaharsu da ta masu mota a inuwa ɗaya ba. Masu adawa da sauyin 2010 ba su manta da wannan tarihi ba.

Abin da shari'ar Ingila ke kira sadaka

Kafin mai karatu ya fahimci jayayyar, wajibi ne ya san cewa a Ingila kasancewa ƙungiyar agaji matsayi ne na shari'a mai sharuɗɗa, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta wadatarwa. Tushen al'amarin yana komawa ga wata doka ta 1601, ta zamanin Sarauniya Alsabatu ta Farko, sa'an nan a 1891 alƙali Lord Macnaghten ya kasa ayyukan sadaka gida huɗu: sauƙaƙa talauci, yaɗa ilimi, ɗaukaka addini, da sauran abubuwan da ke amfanar al'umma.

Wasa da motsa jiki ba su shiga wannan lissafi da sauƙi ba. A 1895 kotu ta yanke cewa wasiyyar da wani ya bari don a riƙa ba da kofi a tseren jiragen ruwa ba sadaka ba ce, domin nishaɗi ne na masu yinsa. Sai da aka yi dokar 2006 aka faɗaɗa babin zuwa manufofi 13, ciki har da kiwon lafiya, da kare muhalli, da bunƙasa wasannin da ba na neman kuɗi ba, aka kuma ƙarfafa sharaɗin cewa dole kowace ƙungiya ta nuna a fili yadda jama'a ke amfana da ita.

Wanda ya karanci babin hubusi, wato wakafi, a littattafan fiƙihu, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malamai sun bayyana cewa abin da aka yi wakafinsa ya fita daga tasarrufin mai shi, ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa, kuma wanda aka ɗora a kansa nazir ne mai tsaron amana bisa sharaɗin da aka gindaya. Haka amintattun ƙungiyar agaji suke a Ingila: biyayyarsu ga manufofin da aka rubuta take, ko da ta saɓa wa son ran waɗanda suka zaɓe su, kuma dukiyar da ta shiga wannan babi ba ta da hanyar komawa baya. Inda aka rabu shi ne, fiƙihu ya yarda da wakafin da mutum ya keɓe wa zuriyarsa, shari'ar Ingila kuwa, in ban da wasu 'yan wurare, ba ta lissafa abin da aka keɓe wa wasu ƙididdigaggun mutane a cikin sadaka. To, kulob kuwa a asalinsa keɓewa ne.

Ƙungiya ɗaya, asusu biyu

Tun kafin rigimar, a tsakiyar shekarun 2000, shugabannin CTC sun kafa wani reshe mai rajistar agaji a gefen kulob ɗin, suka mayar da ayyukan ilmantarwa da na faɗakarwa ƙarƙashinsa. Ta wannan ƙofa kuɗi suka fara shigowa daga gwamnati da asusun cacar ƙasa, don koya wa yara da manya hawan keke, da jawo naƙasassu da mazauna unguwannin talakawa cikin harkar. Ma'aikata suka ƙaru a hedkwatar da ke Guildford.

Sai ya zama akwai hukuma biyu, da littafin lissafi biyu, da kuɗi masu kai-da-kawo tsakaninsu, ga ma'aikata ɗaya suna yi wa duka biyun aiki. Majalisar gudanarwa, tare da babban jami'in ƙungiyar na lokacin, Kevin Mayne, suka kawo shawarar a haɗe su wuri guda, kulob ɗin kansa ya zama ƙungiyar agaji.

Hujjojinsu a bayyane suke. Na farko, sauƙin mulki da rage ɓarnar lokaci. Na biyu, kuɗi: a Birtaniya akwai tsarin da ake kira Gift Aid, wanda a ƙarƙashinsa idan mai biyan haraji ya ba ƙungiyar agaji fam ɗaya, hukumar haraji kan ƙara mata kwabo 25, ga kuma rangwame a kan harajin gine-gine da na dukiyar da mamaci ya yi wasiyya da ita. Na uku, mutunci: mai magana da sunan maslahar jama'a ya fi samun kunnen minista a kan mai magana da sunan 'yan kulob. Suka kuma nuna cewa manyan ƙungiyoyi masu ɗimbin mabiya, irin su National Trust da ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB da ta masu tafiyar ƙasa ta Ramblers, duk wannan matsayi suke da shi, kuma bai hana su faɗa wa gwamnati gaskiya ba.

Masu ja da maganar

Waɗanda suka ƙi, ciki har da wasu 'yan majalisar gudanarwar kanta, ba mutanen da ke ƙin alheri ba ne. Yawancinsu su ne masu jagorantar tafiyar Lahadi kyauta, masu zuwa zaman ƙaramar hukuma su yi gardama a kan mahaɗar hanya, shekara da shekaru ba a biyansu ko sisi. Sun yi gangami da taken ceton ƙungiyar, kuma maganarsu ta tsaya ne a kan ginshiƙai masu nauyi.

Suka ce mutum yana biyan kuɗin shekara ne don ya sami abubuwa sanannu: inshorar da za ta biya diyya idan ya yi wa wani ɓarna a hanya, da lauyan da zai tsaya masa idan mota ta buge shi, da mujallar da ke zuwa bayan kowane wata biyu, da reshen garinsa. Wannan ciniki ne na halal tsakanin ɗan ƙungiya da ƙungiyarsa. Ran da aka zama ƙungiyar agaji, waɗannan abubuwa za su koma matsayin abin da ake haƙuri da shi muddin bai yi yawa ba, mai biya kuma ya tashi daga mai gida ya koma mai ba da gudummawa.

Suka ce kuma lissafin da ke tsakanin kulob da reshen agajin bai fito sarari yadda ɗan ƙungiya zai gane ba, suna zargin cewa kuɗin 'yan ƙungiya ne ke cike giɓin kwangilolin gwamnati, zargin da shugabanni suka musanta. Game da ƙarin kuɗin haraji kuwa, suka tunatar da cewa hukumar haraji tana da nata ma'auni dabam, kuma ƙa'idarta ita ce idan abin da mai bayarwa ke samu a madadin kyautarsa ya wuce wani ɗan kaso, to, ba kyauta ba ce. Saboda haka ribar da ake hange tana iya kasancewa ƙasa da yadda ake zato.

Amma abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne 'yancin baki. Doka ta yarda ƙungiyar agaji ta yi fafutuka a kan abin da ya shafi manufofinta, sai dai ba ta yarda siyasa ta zama ita ce manufar ba, ba ta kuma yarda a goyi bayan jam'iyya ba. Fiye da dokar ma, suna tsoron ɗabi'ar ɗan Adam, domin Hausawa sun ce bakin da ya ci shi ke godiya: ƙungiyar da albashin ma'aikatanta ya rataya a kan kwangilar ma'aikatar sufuri, anya za ta iya ɗaga murya ran da ma'aikatar ta kawo dokar da za ta cuci mahaya keke? Ba da daɗewa ba kafin haka, wajen 2006 da 2007, dubban 'yan ƙungiya sun rubuta wa wakilansu takardu har aka gyara wani sashe na ƙa'idojin hanya wanda suka ga zai tilasta musu bin hanyoyin keke ko da ba su da kyau. Irin wannan ƙarfi suke gudun a rasa.

A ganinmu wannan tsoro yana da tushe, kuma zamani ya ba shi shaida da wuri, domin a ƙarshen 2010 sabuwar gwamnatin haɗin gwiwa ta ba da sanarwar rushe Cycling England, hukumar da kuɗin ayyukan keke da yawa ke bi ta hannunta. Wanda ya dogara da irin wannan tallafi ya ga yadda yake yankewa dare ɗaya.

Ƙuri'a bayan ƙuri'a

A babban taron shekara da aka yi a Loughborough cikin Mayu 2010, ƙudurin amincewa da sauyin a dunƙule ya wuce da ɗan rinjaye kaɗan, amma ƙudurin gyara kundin tsarin ƙungiyar, wanda dokar kamfanoni ta shar'anta masa kashi 75 cikin 100, bai kai ga wannan adadi ba. Aka tashi kowane ɓangare yana ganin shi ne da gaskiya.

Masu adawa suka tara sa hannun ɗaruruwan mutane, suka nemi a tambayi dukan 'yan ƙungiya ta takarda, kamar yadda tsarin ya ba su dama. Da aka ƙirga a farkon 2011, sai rinjaye mai yawa na waɗanda suka jefa ƙuri'a ya goyi bayan sauyin, ko da yake mafi yawan 'yan ƙungiya, waɗanda a lokacin sun haura 60,000, ba su mayar da takardar ba sam. Taron shekarar 2011 ya zartar da gyaran kundin.

Hukuma ta ce a sake shiri

Nan ne al'amarin ya ɗauki wani salo wanda kaɗan ne suka yi tsammani. Hukumar da ke kula da ƙungiyoyin agaji a Sikotland ta karɓi rajistar a 2011, amma takwararta ta Ingila da Wales ta ƙi a karon farko cikin wannan shekara, domin a nazarinta manufofin da aka rubuta ba su keɓanta ga sadaka zalla ba, akwai sauran amfanin 'yan ƙungiya a cakuɗe da amfanin jama'a.

Wannan hukunci, in an lura, ya gaskata ɓangarorin biyu ne lokaci guda. Ya gaskata masu adawa da suka ce kulob da sadaka jinsi biyu ne, ba a haɗa su sai ɗaya ya rusuna wa ɗaya. Ya kuma nuna wa shugabanni iyakar abin da za su sallama in suna son takardar. Suka sake rubuta manufofin, suka gina su a kan lafiyar jama'a, da amincin hanya, da ilimi, da kare muhalli, da wasan da ba na kuɗi ba, 'yan ƙungiya suka amince, aka yi rajistar a tsakiyar 2012.

Bayan an sami takarda

A watan Afrilu 2016 ƙungiyar ta ɗauki sabon suna, Cycling UK, ko da yake tsohon sunan ne har yanzu a takardun shari'a. Tsofaffin 'yan ƙungiya da yawa sun ji zafin ajiye kalmar Touring ta tsohon sunan, wato yawon buɗe ido, da tambarin fukafukai, suka sake neman ƙuri'ar kowa da kowa, rinjaye ya tabbatar da sabon sunan. A wannan tsakani aka maye gurbin majalisar da yankuna ke zaɓa da ƙaramin kwamitin amintattu, tare da masu tantance 'yan takara bisa ƙwarewa. A 2020 kuma aka janye rangwamen da ake yi wa kowane dattijo saboda shekarunsa, aka mayar da shi ga masu ƙaramin ƙarfi, wanda hukunci ne irin na ƙungiyar agaji tsantsa, kuma ya sosa ran wasu da suka yi shekara arba'in suna biya.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa bakin ƙungiyar bai rufu ba. Ta kai majalisar gundumar West Sussex kotu saboda cire hanyar keke a garin Shoreham, kuma a farkon 2022 majalisar ta amsa cewa ta saɓa doka. A wannan shekara ce aka gyara ƙa'idojin hanya na ƙasar, aka ɗora nauyi mafi girma a kan mai abin hawan da ya fi iya yin ɓarna, gyaran da ƙungiyar ta daɗe tana nema. Shirinta na gyara tsofaffin kekuna kyauta da koya wa mutane hawa ya isa ga dubban jama'ar da ba su taɓa jin sunan CTC ba. 'Yan ƙungiya suna wajen 70,000, inshora da lauya da mujalla suna nan, ayarin Lahadi ma bai daina fita ba.

Hukuncinmu shi ne, shugabannin sun yi daidai a kan alƙibla, domin ƙungiyar da ta kafa allon gargaɗi don kowane matafiyi tun ƙarni na 19 ta riga ta zama mai hidimar jama'a kafin doka ta ba ta suna. Masu adawa kuma sun yi daidai a kan farashi, domin abin da suka ce za a rasa, wato ikon ɗan ƙungiya na cewa wannan tawa ce, a juya ta yadda nake so, an rasa wani kaso nasa, kuma ba zai dawo ba. Abin yabo a labarin shi ne an yi gardamar a fili, an ƙirga ƙuri'a fiye da sau ɗaya, hukuma kuma ta duba takarda da idon basira kafin ta sa hannu.

Mu ma a nan maganar ba ta yi mana nisa ba. Dokar kamfanoni da Najeriya ta sabunta a 2020 ta ba Hukumar Rajistar Kamfanoni iko, a sashe na 839, ta dakatar da amintattun ƙungiya ta naɗa masu riƙo idan an sami almundahana ko rashin iya gudanarwa, kuma masu karatu za su tuna irin ƙurar da wannan sashe ya tayar a tsakanin ƙungiyoyin addini da na sa-kai. Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin ci gaban gari, da na tsofaffin ɗalibai, da na 'yan kasuwa da masu sana'a, waɗanda ke shirin zuwa neman rajista, su tara mabiyansu tukuna, su karanta musu kundin sashe-sashe cikin harshen da suke ji, su bayyana musu wanda zai mallaki dukiyar bayan an sa hannu da wanda zai iya tsige amintattu, sa'an nan a jefa ƙuri'a.